Daga Hashiyar Malam Zuwa Gindin Shafi: Tarihin Ƙaramin Rubutu a Littattafan Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani malami a Jangeru, ko Shinkafi, ko Zurmi, ko Ƙauran Namoda, har ya ga an kwance igiyar tadarishi an zaro tsohuwar Risala ko Ishiriniya ta rubutun hannu, zai lura da abu guda tun kafin ya karanta kalma ɗaya, watau rubutun da ke shafin ba girmansa ɗaya ba. A tsakiya akwai manyan baƙaƙe masu kauri, an jera su layi-layi da fili a tsakaninsu. A cikin filin nan kuma, da gefe-gefen takardar, akwai wani siririn rubutu, wani a miƙe, wani a karkace, wani ma sai an juya takardar kafin a iya karanta shi. Babban shi ne matani, maganar mawallafi ke nan. Ƙaramin kuwa shi ne hashiya, maganar waɗanda suka karanta littafin, ko suka karantar da shi, bayan mawallafi ya ajiye alƙalaminsa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun wannan ƙaramin rubutu tun daga zamanin alƙalamin kara, zuwa na haruffan dalma, da na tafireta, har zuwa na kwamfuta. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a kowane zamani daga cikin waɗannan, girman harafi da zubinsa su ne suke gaya wa mai karatu ko maganar wa yake karantawa. Saboda haka wanda ya yi sakaci da su ya yi sakaci da amanar ilmi, ko da kuwa bai sauya kalma ɗaya ba.

Hashiya a Zamanin Alƙalami

Ƙasar Zamfara tsohuwar ƙasar karatu ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar a cikinta yana wa'azi yana karantarwa, tun daga shekarun 1780, kuma ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati cewa wajen 1786 sun karanta Sahihul Buhari a gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Bayan an fara jihadi a 1804, Alibawan Zurmi sun ba da babbar gudummawa, kuma Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808. Littattafan da ake karantawa a wannan yanki su ne na sauran ƙasar Hausa: Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sa'an nan Risala, sa'an nan Askari da Muhtasar, tare da Jalalaini da Ashafa da Ishiriniya. Kusan dukkansu an rubuta su da gajeriyar Larabci mai dunƙulalliyar ma'ana, wadda ɗalibi ba ya iya warware ta sai da malami.

Daga nan hashiya ta samo asali. Mai kwafar littafin karatu ya san za a yi rubutu a kansa, don haka yakan buɗa layuka, ya bar gefe mai faɗi, ko da yake takarda tana da tsada ƙwarai. Galibinta daga Italiya ake kawo ta, ta biyo ta Tarabulus ko Misira ta ratso Sahara, irin mai alamar jinjirin wata uku a jikinta idan an ɗaga ta ga haske. Idan ɗalibi ya zauna gaban malami ana yi masa fassara, sai ya riƙa sa ma'anar kalma mai wuya a samanta ko ƙarƙashinta, wani lokaci da Larabci mai sauƙi, wani lokaci da Hausa ko Fulatanci cikin ajami. Bayani mai tsawo, kamar hukunci da aka ciro daga wani sharhi, shi ake kai wa gefe.

Abin lura a nan shi ne yadda ake rage girman rubutun. Marubuci ba ya sassauta hannu kawai da alƙalamin da ya rubuta matani. Wani alƙalamin daban yake fiƙewa, mai siririn baki, domin mai kaurin baki in aka matsa masa ya yi ƙaramin harafi sai cikin mim da wawu da sad su cike da tawada, ɗigo biyu su haɗe su zama ɗaya. Watau kowane girma da kayan aikinsa. Za mu sake gamuwa da wannan ƙa'ida a gaba, a hannun mutanen da ba su taɓa ganin alƙalamin kara ba.

Ban da girma, akwai launi da alamomi. A littattafan sharhi, inda maganar mawallafi da ta mai sharhi suke gauraye a layi guda, akan rubuta matani da jar tawada, sharhi da baƙa, ko a sa harafin sad a farkon matani, shin a farkon sharhi. In aka tsallake kalma wajen kwafa, sai a ja ɗan lanƙwasasshen layi daga inda ta faɗi ya fuskanci gefe, a rubuta ta can, a bi ta da kalmar sahha, don a san gyara ce, cikin matani take. In kuwa wani kwafi ne ya zo da lafazi daban, sai a sa masa harafin ha mai ɗigo, watau nusha. Ƙarshen maganar da aka ciro daga wani littafi kuma a rufe ta da alamar intaha. Waɗannan ƙa'idoji tsofaffi ne. Alƙali Iyali, mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, ya yi bayanin da yawa daga cikinsu a littafinsa Al'ilma'u, Ibnus Salahi kuma, wanda ya rasu a 1245, ya ƙara tsara su ga ɗaliban hadisi.

Dalilin wannan tsantseni duka sananne ne ga duk mai gwama kwafe-kwafen littafi guda. Idan hashiya ta yi kusa da matani a girma, kuma ba ta da alama, mai kwafa na gaba yakan zaci kalma ce da aka manta, sai ya shigar da ita cikin layi. Wanda ya kwafa daga gare shi kuma ba shi da hanyar ganewa. Da haka ra'ayin wani ɗalibi yakan wayi gari ya zama maganar mawallafi, har a kafa hujja da shi a hukunci.

Ita kanta hashiyar kuma taska ce. A Barno, A. D. H. Bivar ya ba da labari a 1960 na wasu tsofaffin Alƙur'anai masu ƙananan bayanai a tsakanin layuka, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Binciken da Dmitry Bondarev ya yi daga baya ya tabbatar da cewa harshen waɗannan bayanai tsohon Kanembu ne, kuma suna cikin mafi daɗewar shaidun rubutu na harsunan wannan yanki. Wannan ya isa ya sa mai nazarin tarihin Hausa ya dubi ƙananan kalmomin ajami da ke tsakanin layukan littattafan Zamfara da idon daraja, domin a cikinsu ake iya samun karin harshe da tsofaffin kalmomin fassara waɗanda ba su shiga ƙamus ba.

Bugun Misira da Bugun Kano

Da littattafan ɗab'i suka fara shigowa hannun malamai, daga Misira suka fi zuwa. Maɗaba'ar Bulaƙ, wadda aka kafa a farkon shekarun 1820, da maɗaba'u irin na gidan Halabi a Alƙahira, sun ɗauki tsarin shafin rubutun hannu suka zuba shi a dalma. Sai dai sau da yawa sun juya shi. A bugun Hashiyar Dasuƙi a kan Sharhul Kabir na Dardir, ko Hashiyar Sawi a kan Jalalaini, hashiya ce take cika tsakiyar shafi cikin zane mai kusurwa huɗu, littafin da ake yi wa hashiyar kuma ya koma gefe. Dalili shi ne hashiyar ta ninka asalin tsawo, kuma ita ce ake sayarwa. A irin wannan shafi zane da baka biyu da kalmar ƙauluhu su suka karɓi aikin jar tawada, domin buga launi biyu yana bukatar a sa takarda a inji sau biyu.

A Kano kuwa wata hanya aka bi. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 20 'yan kasuwar littattafai suka riƙa ba ƙwararrun marubuta, irin su Sharif Bala na Gabari, aikin rubuta littafi da hannu, sa'an nan a ɗauki hoton shafin a buga. Wannan dabara ta warware matsaloli biyu a lokaci guda. Mai karatu ya sami zubin rubutun da ya saba da shi tun daga allo, irin na ruwayar Warshu, mai fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Marubuci kuma ya ci gaba da mallakar girman harafi da alƙalaminsa, ba ya jiran kowa ya zuba masa dalma. Shi ya sa fassarar ajami a ƙarƙashin matani ta daɗe a bugun kasuwa.

Boko, Dalma da Haruffa Masu Lanƙwasa

Bayanin gindin shafi irin na littattafan boko, wanda wasu marubutanmu ke kira tushen bayani, daga Turai ya zo. Can ma da a gefe ake sa shi. Masu ɗab'i ne suka sauko da shi ƙasa sannu a hankali, saboda jera dalma a gefen shafi daidai da layin da ake nufi aiki ne mai cin rai da kuɗi. Ya kai ƙarfinsa a ƙamus ɗin tarihi na Pierre Bayle na 1697, inda bayanan ƙasa suka rinjayi matani yawa, da kuma tarihin faɗuwar daular Rum na Edward Gibbon, wanda ya fito tsakanin 1776 da 1788. Aikinsa ya ɗan bambanta da na hashiya: hashiya takan warware maganar wani, shi kuwa galibi mawallafi ne da kansa yake nuna inda ya samo magana. Amma a ido ƙa'idarsu ɗaya, babba a gaba, ƙarami a baya.

Masu ɗab'i suna auna girman harafi da wani ma'auni da suke kira foyin, wanda kimanin 72 daga cikinsa suke yin inci ɗaya. Al'adarsu ita ce in matani ya kasance foyin 10 ko 11, bayanin gindi ya zama 8 ko 9. A zamanin dalma kowane girma kaya ne daban da ake saye a ajiye a akwatinsa, haka kuma a injinan jera haruffa irin su Linotype da Monotype kowane girma da mazubansa. Masu sassaƙa haruffa ba sa ƙanƙantar da babban harafi kawai. Ƙaramin sukan faɗaɗa shi, su kaurara siraran sassansa, su buɗe cikinsa don kada tawada ta toshe shi. Dabarar mai fiƙe alƙalami na biyu ke nan.

A nan ne Hausa ta gamu da matsalarta ta musamman. Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, kuma har zuwa shekarun 1930 ana nuna ɓ da ɗ da ƙ ne da ɗigo a ƙarƙashi ko da waƙafi a gefen harafi. Hukumar Fassara, wadda aka kafa a Kano a 1929 ta koma Zariya a 1931, ta zama Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin R. M. East, kuma a hannunta ne haruffa masu lanƙwasa suka zauna zuwa ƙarshen waɗannan shekaru. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta yaɗa su ko'ina, Kamfanin Gaskiya kuma ya tsaya da ƙafarsa a 1945. Zurmi da Shinkafi ba su yi nisa da wannan al'amari ba, domin hanyar jirgin ƙasa da ta isa Ƙauran Namoda a 1929 daga Zariya ta taso.

Lanƙwasa ta fi ɗigo dacewa da ƙaramin rubutu, domin tana manne da jikin harafi, shi kuwa ɗigo a foyin 8 ba a rarrabe shi da dattin takarda. Sai dai tana da tsada. Maɗaba'ar da ke son buga littafin ilmi da Hausa tilas ta mallaki harafi uku, babba da ƙarami, watau siffa shida, a girman matani, da girman bayanin gindi, da na kanun magana, a miƙe da karkace da mai kauri. Inda aka rasa su a wani girman, sai a koma ga b da d da k tsurarsu. Alhali kuwa tsakanin baƙi da baki, da ɓata da bata, da ƙafa da kafa, da ɗaka da daka, lanƙwasar nan kaɗai ce shamaki. Abin takaici kuma shi ne, a gindin shafi ne ake ajiye sunayen mutane da garuruwa da baƙin kalmomi, inda ma'anar jimla ba ta taimakon mai karatu ya cike abin da aka rage.

Zamanin Tafireta

Da jami'o'i suka fara samar da nazarin Hausa a rubuce, musamman bayan kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, mafi yawan kundaye da maƙalu da tafireta aka buga su, a juya a sitensil. Haka ɗaliban manyan makarantu suka yi, har da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983. Tafireta kuwa girma ɗaya gare ta, harafi 10 ko 12 a inci. Tun da ba damar rage harafi, sai aka nemi wasu alamomi. Akan ja gajeren layi a raba matani da bayani, a buga matani da tazara biyu, bayani da tazara ɗaya, lambar kuma a murɗa abin naɗin takarda rabin layi don ta ɗan hau sama. Mai bugawa tilas ya ƙiyasta layukan da bayanin zai ci tun kafin ya kai ƙasan shafi, in ya yi kuskure ya sake shafin gaba ɗaya. Wannan wahala ce ta sa da yawa suka kwashe bayanan suka tara a ƙarshen babi, inda ba kowa ke bin su ba.

Lanƙwasa kuma da hannu ake bi ana sa ta da biro bayan an gama, in ba a sami tafiretar da aka sauya wa haruffa ba. Duk wanda ya duba tsofaffin kundaye zai ga inda hannu ya gaji, kuma galibi a ƙananan bayanan ne. Ƙoƙarin da aka yi a shekarun 1980 na samar da zubin haruffa guda ga harsunan Nijeriya, wanda Kay Williamson da Victor Manfredi suka sa hannu a ciki, kuma Bajamushen nan mai zana haruffa Hermann Zapf ya kammala zanensa, ya taso ne daga irin wannan bukata.

Zamanin Kwamfuta

A 1978 Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya fitar da tsarin jera haruffa na kwamfuta mai suna TeX, ya sake gina shi a 1982, Leslie Lamport kuma ya ɗora LaTeX a kansa. A wannan tsari marubuci yana faɗin cewa wannan magana bayanin gindi ce, tsarin ne ke ba ta lamba, ya auna wurin da za ta ci, ya raba ta shafi biyu in ta yi tsawo. Girmanta kuma yana bin na matani: foyin 8 in matani 10 ne, 9 in 11 ne, 10 in 12 ne. Wanda yake son sauya girman ko zubin, wuri ɗaya zai gyara, bayanan littafin duka su bi. Knuth ya kuma zana haruffansa na foyin 8 daban da na foyin 10, kamar yadda masu dalma suka yi. A farkon shekarun 1990 Jörg Knappen ya samar wa tsarin haruffan harsunan Afirka, har da masu lanƙwasa, John Lavagnino da Dominik Wujastyk kuma suka samar da hanyar jera bayanai hawa-hawa a gindin shafi guda, don masu tace tsofaffin littattafai.

Ma'aunin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu tun a farkon shekarun 1990, a 2016 kuma ya ƙara fa da ƙaf da nun irin na rubutun Afirka ta Yamma. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin haruffan ajami mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu na yankin Kano. Duk da haka tsohuwar matsalar ba ta gushe ba, kama ta sauya. In zubin da aka zaɓa ba shi da ƙ, kwamfuta takan aro ta daga wani zubin ba tare da ta yi shawara ba, sai a ga harafi guda ya fi 'yan'uwansa tsawo ko kauri, ko kuma ya fito ɗan akwati fanko. Sau da yawa kuma marubuci yakan gyara zubin matani ya manta na gindi, tun da kowanne da saitinsa. Ajami kuwa, saboda wasulansa da ɗige-ɗigensa, ba ya jure ragin da boko ke jurewa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu ga masu tace littattafan Zamfara da editocin mujallunmu. Na farko, kada a zubar da hashiyar tsohon littafi da sunan tsabtace matani, kada kuma a narkar da ita a cikinsa. A buga ta da girmanta daban, a nuna inda take a asali. Na biyu, a raba hawa biyu a gindin shafi, ɗaya na tsohuwar hashiya da saɓanin kwafe-kwafe, ɗaya na maganar mai tacewa, don kada a ɗora wa malamin ƙarni na 19 abin da ɗalibin yau ya faɗa. Na uku, kafin a zaɓi zubin haruffa a gwada shi da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, a miƙe da karkace, a mafi ƙanƙantar girman da za a yi amfani da shi, kuma a kan takarda, domin fuskar kwamfuta tana ɓoye aibi. Na huɗu, a yi rangwame wajen ragi. Taki biyu ƙasa da matani ya isa ga boko, ajami kuwa ɗaya ma ya wadatar, domin da yawa daga masu bukatar waɗannan bayanai dattawa ne da ido ya fara rauni.

Malaman da suka cika gefen littattafansu da siririn rubutu sun ƙanƙantar da shi ne don ladabi ga mawallafi, suka kuma kyautata shi don tausayin ɗalibin da zai gaji littafin. Wajibi ne ga wanda ya gaji aikinsu da kwamfuta ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare. Allah Ya sa mu dace.